Tayar gaban mashin: a mayar da ita tubles ko a bar ta da tiyub ɗinta?

Mai Boxer Ja: Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sani a taimaka min da shawara. Mashin ɗina Boxer ne ɗan 100, wilin gaba mai sifok ne na ƙarfe, wato mai siraran wayoyin nan da ke haɗa tsakiyar wili da rim, kamar yadda ya zo, taya 2.75-17 da tiyub a ciki. Hanyar da nake bi zuwa gona ƙaya ce zalla, ta aduwa da ta bagaruwa, in an shigo gari kuma ga ƙusoshi, wlh faci ya ishe ni. Ina so in mayar da ta gaba tubles. Wani mai faci ya ce zai liƙe min ramukan sifok ɗin da gam ya naɗa roba a kai ya sa bawul irin na mota shikenan aiki ya gama, wani kuma ya ce kar in kuskura, in canza wilin gaba ɗaya. Wanne ne daidai? Na fara da ta gaba ne don ita ce ke bani tsoro in ta sace ina cikin gudu.

Na Gashua: Wa alaikumus salam. Yi kawai ɗan uwa, ni an yi min a ta baya tun kafin damina kuma har yau lafiya lau, ƙusa ta taɓa shiga na kai gida da ita na kwana iskar ba ta gama fita ba. Silikon aka shafa a kan kowane sifok aka bari ya bushe sannan aka yanka tsohon tiyub aka naɗe. Ba wani abu bane mai wuya, mutane ne ke da son tsoratarwa.

Baba Makanike: Na Gashua ta baya daban ta gaba daban, kar ka haɗa su. Yaro dalilinka mai kyau ne kuma gaskiya ne tubles ta fi aminci in ƙusa ta shiga, bari in gaya maka me ya sa. Tiyub in ya huje iskar ba ta tsayawa a cikin taya, ta ramin bawul da ramukan sifok take ficewa gaba ɗaya, shi ya sa kake ganin taya ta kwanta nan take, wani lokacin ma tiyub ɗin yagewa yake ba huda kaɗai ba. Ita kuwa tubles akwai wata roba ta musamman da aka shimfiɗa a cikin jikinta wadda iska ba ta ratsawa, ƙusar in ta shiga robar tana kama ta, sai ƙusar ta zama ita ce ta toshe ramin da ta yi, iska na fita kaɗan kaɗan har ka samu ka tsaya. Har nan babu musu.

Amma abin da ke riƙe iska a tubles ba tayar kaɗai ba ce, tayar ce da rim tare. Leɓen tayar ne ke manne wa bakin rim. Rim ɗin da aka ƙera don tubles in ka cire taya ka shafa cikinsa da yatsa za ka ji wani ɗan tudu ya zagaye shi kusa da baki, gefe da gefe, kamar kunyar gona. Wannan tudun shi ke hana leɓen taya zamewa ya faɗa kwarin tsakiya in iska ta yi ƙasa. Rim ɗinka mai sifok na ƙarfe bana jin yana da shi. To ka liƙe ramuka talatin da shida lafiya lau, iska ta tsaya, ranar da ta ragu baka lura ba ka sha kwana ko ka daki rami, leɓen ya zame ciki, iskar duka za ta fita a lokaci guda, abin da ka gudu daga gare shi kenan ya dawo kuma a gaba. Ta baya in ta sace mashin zai yi ta wutsil wutsil amma kan yana hannunka. Ta gaba in ta sace kan ne ke ƙwacewa, kuma in ka matsa birki nauyi gaba yake komawa, ya ƙara danne tayar da ba iska.

Na Gashua: Baba da girmanka amma ai tiyub ɗin ma in ya fashe a wannan rim ɗin tayar zamewa take. To meye bambancin? Gara wadda mafi yawan lokuta a hankali take sacewa akan wadda kullum nan take.

Ɗalibin Poli: Tambayar Na Gashua tana da ƙarfi gsky, kuma ko a ƙasashen waje masu manyan babura na tafiye tafiye akan wannan suke ta jayayya. Masu cewa a yi hujjarsu kenan, wai tiyub ba ya riƙe taya a rim in iska ta fita, don haka ba a yi asarar komai ba. Masu cewa kar a yi kuma suna cewa da tiyub ko leɓen taya ya ɗan motsa daga mazauninsa iska tana nan a cikin tiyub ba inda za ta je, amma a tubles motsin leɓen kaɗai ya isa iska ta tsere ko babu ƙusa ko ɗaya. Wato ka ƙara wata sabuwar hanyar sacewa wadda da babu ita. Ni a nan na tsaya, musamman mu da muke yawo da iskar da ba a auna ba.

Mai Boxer ka duba jikin rim ɗinka akwai rubutu da aka buga, za ka ga kamar 1.40 ko 1.60 sai 17, wato faɗin rim ɗin da girmansa a inci. Irin ƙirar da ake kira WM ta tiyub ce, mazaunin leɓenta a miƙe yake. MT ita ce ƙirar da ake yi wa tubles, in ka ga MT-H2 to H2 ɗin na nufin tudu biyu ɗin da Baba ya faɗa. Ita ma tayar ka karanta gefenta, ko dai an rubuta TUBELESS ko TL, ko kuma TUBE TYPE ko TT. Tayar da aka rubuta TUBE TYPE ba ta da waccan robar ta ciki, ko rim ɗin ya yi kyau iska za ta dinga tsiyaya ta jikinta.

Mai Boxer Ja: Nagode sosai. Tawa TUBE TYPE aka rubuta yanzu na duba, kenan ko ya aka yi sai na sayi sabuwar taya. Shi mai facin bai ma yi min maganar taya ba.

Oga Mai Faci: To ni sana'ata ce bari in sa baki. Ba zan kare wanda ya gaya maka haka ba amma ba zan ce ƙarya yake ba, ana yi kuma wasu yana zauna musu. Abin da nake gani da idona shi ne rim na ƙarfe in ka cire waccan robar da ke rufe kan sifok, ƙarƙashinta tsatsa ce ja jawur, musamman mashin ɗin da ya sha damina biyu uku yana ratsa ruwa. Gam ba ya kama tsatsa. Sai ka goge da buroshin ƙarfe ka bi da samfefa har ƙarfen ya yi fari, ka wanke maiƙo tas, ka bari ya bushe, kuma silikon ɗin ma ba a hura iska ranar da aka shafa, sai ya kwana ya ƙara. Wa zai bar maka mashin ɗinsa ya kwana? Kowa so yake a yi masa yanzu yanzu ya hau ya tafi. Sannan wani silikon ɗin mai warin tsami shi kansa yana cin ƙarfe, ya ƙara tsatsa a ƙarƙashi kai baka gani. Ga kuma wurin da aka yi wa rim ɗin walda aka haɗa bakinsa, nan ma in ka zuba ruwan sabulu sau da yawa za ka ga kumfa na tashi.

Maganar bawul irin na mota kuma, raminsa ya fi na mashin faɗi, sai an ƙara huda rim. Rim siriri irin na gaba ka ƙara masa rami a tsakiya ni ba na yi.

Ɗalibin Poli: Haka ne Oga. Bawul na roba irin na mota ramin milimita 11.3 yake so, ramin bawul ɗin tiyub kuma wajen 8 ne da ɗoriya. Akwai bawul na ƙarfe mai noti ɗan 8.3 da aka yi wa babura, shi ke shiga ba sai an huda ba.

Baba Makanike: Ga wani abu da ba wanda ya faɗa. Sifok ba abu bane da ake ɗaurewa sau ɗaya a manta. Yana saki, wili ya fara rawa, ka kawo mana mu ɗaure wannan mu sassauta wancan har ya daidaita. Kan sifok ɗin da muke juyawa shi ne wanda aka liƙe da gam ta ciki. Da an juya shi liƙin ya tsage. In kuma sifok ya karye dole a ɓare liƙin a zaro shi a sake sabon aiki. Mai bin hanyar gona da buhu a baya da wani a kan tanki, sifok ɗinsa ba zai shekara bai nemi ɗauri ba.

Ɗan Maradi: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ni ɗan kabu kabu ne kuma ina shiga ƙauyuka sosai, ina so in ja hankalinku kar ku tura bawan Allah nan ga wilin alminiyam ba ku gaya mai aibinshi ba. Wili mai sifok in ya daki dutse ko rami lanƙwasa yake, ka samu guduma da ɗan katako a buga ya miƙe, tiyub na ciki bai san an yi ba ka ci gaba da tafiyarka. Na alminiyam in bugun ya yi ƙarfi tsagewa yake, ko bakin ya ɗan lotsa kaɗan iska ta riƙa fita ta nan, kuma cikin daji ba mai gyara maka. Ba banza ba masu tseren sahara da masu baburan daji har yau sifok suke amfani da shi. Kuma wani abu, in tubles ta sace gaba ɗaya leɓenta ya saki, famfon hannu ba ya tada ta, sai injin iska mai turowa da ƙarfi lokaci guda. Mai facin ƙauye famfon hannu gare shi da sholisho da guntun tiyub.

Oga Mai Faci: Wannan gaskiya ne ɗan uwa. Amma mafi yawan facin tubles ai ba a cire taya, zaro ƙusar ake a tura wannan igiyar mai danƙo da allurarta a yanke saura a ƙara iska, minti kaɗan. Mutum zai iya sayen kayan ya ajiye ƙarƙashin kujera ya yi da kansa tun iskar ba ta ƙare ba. In kuma abin ya ɓaci a ƙauye ana iya cire bawul a zura tiyub cikin tayar tubles a iso gari, shi ya sa nake ce wa masu zuwa nesa su riƙe tiyub ɗaya a jaka. Illa dai hujin gefen taya ba a yi masa igiya, wannan tayar ta tashi aiki. Kuma a ta gaba ni na fi son bayan an iso a cire a yi facin ciki mai kyau, igiyar ta kai ka gida ce.

Hajiya Mai Roba-Roba: Sannunku da ƙoƙari ina ta karantawa. Tambayata ita ce wannan ruwan da ake ɗurawa ta bawul wai yana toshe huji da kansa, ba zai wadatar da shi ba ya huta da duk wannan? Ni an zuba min a tawa.

Baba Makanike: Hajiya yana taimakawa akan ƙaya da ƙananan huji, kuma akwai wanda aka yi don tiyub akwai na tubles, a duba jikin robar. Amma tiyub in ya yage ruwan ba abin da zai yi, kuma yana wahalar da mai faci don sai ya wanke wurin sosai kafin faci ya kama. In an cika shi da yawa a tayar gaba kuma za ki ji kan yana karkarwa in kin ɗan yi gudu. Ga mai fama da ƙaya kamar wannan yaron ba laifi bane ya gwada na tiyub.

Na Gashua: Ni dai har yanzu ban gamsu ba. Ai Turawa ma suna sayar da kayan liƙe sifok, in abin haɗari ne za su sayar?

Ɗalibin Poli: Suna sayarwa, akwai na wani kamfanin Japan Outex, tef ne mai gam mai kauri da wata shimfiɗa da ake ɗorawa a kai, wasu kuma da tef ɗin 3M suke yi. Amma kalli irin rim ɗin da suke sa wa, yawanci na alminiyam ne masu faɗi marasa tsatsa, kuma ko a can mutane da yawa ta baya kawai suke yi su bar ta gaba da tiyub saboda rim ɗin gaba ɗan inci 21 sau da yawa ba shi da tudun. Akwai kuma Tubliss na Amurka, shi wani siririn tiyub ne da ake ba iska har 100 psi a ma'aunin ƙarfin iska ya danne leɓen taya a jikin rim ta ciki, wato ya yi aikin tudun, amma masu shi da kansu sun ce na daji ne ba na kwalta ba, kuma girman inci 18, 19 da 21 ake yi.

Su kamfanonin babura da suka so haɗa sifok da tubles ba liƙi suka yi ba, wilin suka sake. BMW tun 1987 a R100GS ta fito da wilin da sifok ɗinsa ke shiga ta gefen bakin rim a wajen inda iska take, babu rami ko ɗaya a ciki. Honda da ta dawo da Africa Twin a 2016 da tiyub ta fito da shi, sai a 2020 ta sa wa samfurin Adventure Sports wili mai sifok na tubles, shi ma sabuwar ƙira ce. In da liƙi ya wadatar ai shi ya fi musu araha.

Na Gashua: To wannan na ji. Amma ta bayana ba zan cire ba.

Baba Makanike: Ba wanda ya ce ka cire, ka dai riƙa auna iskarta da geji duk sati, ba matsawa da yatsa ba, kuma ka riƙa zuba ruwan sabulu a gindin sifok kana dubawa.

Mai Boxer Ja: Na kai an cire tayar yanzun nan. An buga 1.40 da 17 a jiki, babu MT babu komai, na shafa ciki sumul yake babu tudu, kuma tsatsar da Oga ya faɗa tana nan har robar ta manne da ita. Liƙi dai na fasa. In zan sayi wilin alminiyam me zan duba Baba?

Baba Makanike: Madalla. Na farko ba kowane wilin alminiyam bane na tubles, akwai babura da yawa da suka zo da shi amma da tiyub a ciki, don haka ka nemi rubutun a jikinsa kuma ka sa yatsa ka ji tudun da kanka, kar ka tsaya ga maganar mai shago. Na biyu ka ɗauki tsohon wilinka da farantin birkinsa da sandar da ke ratsa tsakiya ka tafi da su kasuwa, in Kano kake Fagge wajen 'yan babura, in Kaduna ne Panteka, a gwada a gabanka. Faɗin kwanon birki dole ya zo ɗaya, akwai ɗan milimita 110 akwai ɗan 130, in bai yi daidai ba takalmin birki ba zai kama ba. Boris ɗin ciki ya dace da kaurin sandar, misali 6301 na sanda mai milimita 12 ne, 6300 na mai 10. Wurin da wayar sifido ke shiga ya zauna. Bayan an ɗaura ka tsaya ta gaba ka duba wilin yana tsakiyar ƙafafun shokozoba biyu, bai karkata gefe ba, kar ka yarda a cike gibi da tarin washa. In na hannu ne ka wanke shi ka duba gindin kowane reshe da bakin rim, in ka ga tsaga ko alamar walda ka ajiye musu kayansu, araha ba ta ado.

Oga Mai Faci: Tayar ma ka duba shekararta, akwai lambobi huɗu a gefe cikin ɗan zagaye, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, kamar 2323 sati na 23 a 2023 kenan. Tsohuwar ajiya leɓenta ya bushe ba ya manna da kyau. Ka duba kibiyar da ke nuna inda take juyawa, kuma ka ce a sa ta da ruwan sabulu ba baƙin mai ba, a yi hankali da liba kar a ƙwarzane bakin rim. In an ba ta iska sai ka ji leɓen ya yi ƙara ya hau tudun gefe biyu, sannan a rage zuwa abin da kamfani ya rubuta, a irin naka wajen 25 psi ne a gaba.

Ɗan Maradi: Ni shawarata ga mai hanyar gona har yanzu ita ce ya bar sifok ɗinshi, ya goge tsatsar ya shafa fenti, sabuwar robar rufe sifok, taya mai kauri da tiyub mai kauri, ya zuba ruwan da Hajiya ta ce. Kuɗin wilin ya yi wani abu da shi. In da kwalta yake bi kullum ne sai in ce ya canza.

Mai Boxer Ja: Hanyar tawa rabi kwalta ce rabi burji da yashi, duwatsu ba yawa, ƙayar ce matsalar, kuma a kan kwaltar nake gudu. Yanzu dai zan bi ta Ɗan Maradi a gyara wannan in ci gaba da hawa, in an sayar da amfanin gona sai in ɗauki wilin in je a gwada na alminiyam kamar yadda Baba ya ce. Baba in na samu zan turo hoton cikinsa ka gani kafin in biya. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Baba Makanike: Amin. Ka ɗauki hoton da haske ta gefe yadda tudun zai fito, da rubutun jikin rim ɗin, da cikin kwanon birki. Kuma tsohon wilin kar ka sayar sai sabon ya yi wata a ƙarƙashinka iska ba ta raguwa.